Kwana tara da na yi ina jan ƙafa a kan ɓerayen bincike

Ni ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne a sashen nazarin magunguna na wata jami'a, kuma kula da ɗakin dabbobin bincike yana cikin aikina. A wani watan Afrilu, lokacin da zafi ya yi tsanani, wani ɗalibin digiri na biyu ya kawo fararen ɓeraye talatin, ya yi musu allurar wani sinadari mai suna aloksan domin su kamu da ciwon suga, da nufin gwada ruwan ganyen zogale a kansu. Takardar amincewar kwamitin kula da dabbobin bincike tana hannunsa, da lambarta da sa hannunta.

Duk wanda ya taɓa riƙe ɓera mai ciwon suga ya san cewa ba ya rabuwa da ƙishirwa, yana shan ruwa ninkin abin da lafiyayye ke sha, yana kuma fitsari ba ƙaƙƙautawa. Ranar Litinin da safe da na buɗe ƙofar ɗakin, zarni ne ya fara tare ni har idanuna suka kawo ruwa. Kwalaben ruwa sun ƙafe ƙaf, garin katakon da ake shimfiɗa musu ya jiƙe ya dunƙule, fanka ba ta juya ba tun Juma'a saboda rashin wuta, alhali ƙa'ida ita ce zafin ɗakin ɓera kada ya wuce digiri 26. Uku sun mutu a kusurwar keji. Sauran sun takure, gashinsu ya tashi, gefen idanunsu da hancinsu ya yi ja kamar jini, wanda ba jini ba ne, ruwa ne da jikin ɓera ke fitarwa idan ya galabaita.

A nan ne na yi kuskuren da har yau yake ci mini rai. Na cika kwalabe, na sauya garin katako, na kwashe gawarwakin na kai ramin ƙona shara da hannuna. Wayata tana cikin aljihuna, ban ɗauki hoto ko ɗaya ba, ban rubuta komai a littafin ɗaki ba, ban kira kowa ya gani ba. Ba su ruwa da gaggawa wajibi ne, amma hoton ba zai ci mini minti biyu ba, kuma likitan dabbobi ya kamata a kai wa gawarwakin.

Daga nan na je ofishin Farfesan da ke duba aikin ɗalibin, na ce, "Ranka ya daɗe, ɓerayen yaronka sun kwana biyu babu ruwa, har an rasa uku." Ya ce, "To Malam, na gode, za a duba." Na fito ina ganin na sauke nauyi. Mutum ne da ya girme ni, ya kuma taɓa yi mini alheri, saboda haka kai maganar gaba a rubuce ya yi mini nauyi ƙwarai. Kwana tara na yi ina jiran a duba, kuma a ƙarshen makon da ya biyo baya aka sake barin su, huɗu suka ƙara mutuwa. A daren nan hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ta nemi abinci ba, shi ya hana ni barci, domin makullin ɗakin nan a hannuna yake.

A karo na biyu na ɗauki hotuna, na kira abokin aikina ya shaida, na adana gawarwakin a firji, sannan na rubuta takardar koke kai tsaye zuwa ga shugaban kwamiti.

Binciken ya zo da sauri fiye da yadda na zata. Likitar dabbobi ta kwamitin ta shigo ba sanarwa, ta auna kowane ɓera, ta kwatanta da nauyinsa na ranar farko, waɗanda suka rasa fiye da kashi 20 cikin 100 ta ba da umarni a kawo ƙarshen wahalarsu ta hanyar da ba za su ji zafi ba. Ta tunatar da ɗalibin ƙa'idoji ukun amfani da dabbobi a bincike da masana kimiyya Russell da Burch suka kafa tun 1959, wato neman madadin dabba, rage yawanta, da sauƙaƙa mata wahala, ta kuma gaya masa cewa sakamakon da aka samu daga jinin ɓeran da ƙishirwa ta busar ba abin dogaro ba ne, ko da zogalen yana aiki.

Da ta juyo kaina sai tambayoyin suka koma kan Litinin ta farko. Ƙarfe nawa na shiga? Keji na nawa? Wa ya gani? Ina gawarwakin? Ba ni da amsa sai abin da na iya tunawa. Ɗalibin kuwa ya ce aloksan ne ya kashe ukun farko, domin a sa'o'in farko bayan allurar yakan sa sukarin jini ya faɗi ƙasa warwas har dabba ta mutu, shi ya sa ake ba su ruwan gulukos. Maganarsa tana da tushe a ilimi, kuma ni da kaina na ƙone abin da zai iya tabbatar da ita ko ya rushe ta.

Kwamitin ya dakatar da gwajin, ya wajabta jadawalin masu duba dabbobi ranakun Asabar da Lahadi, da kwalba biyu a kowane keji, da rubuta nauyi sau biyu a mako. Ba a ambaci sunana ba, amma a ƙaramin sashe babu wanda bai gane ba, kuma an yi watanni gaisuwata da Farfesa ba ta wuce ta fatar baki.

Duk sabon ma'aikacin da aka turo mini yanzu, abin da nake fara nuna masa shi ne littafin da ke rataye a bakin ƙofa da lambar wayar likitar kwamiti, ina gaya masa ya rubuta a ranar da ya gani, ya kuma kai wa kwamiti a ranar ko da ya riga ya gaya wa malamin da baki. Ɓeraye bakwai na kwashe da hannuna, amma rahoton ƙarshe huɗu kaɗai ya danganta da sakaci, ukun farko aka rubuta cewa ba a tabbatar da musabbabin mutuwarsu ba.