Keken da ya ƙi fitowa

Asabar, Jos.

Sanyin yau ya fi na jiya. Da na dawo daga sallar asuba yatsuna ko makulli ba sa iya juyawa, sai na koma cikin bargo da niyyar ba zan tashi ba sai tara, tunda ba na buɗe shago ranar Asabar. Bakwai da rabi Auta ya turo ƙofa. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya ce, "Yaya, kekena ya ɓata."

Na yi zumbur na zauna, ina tambayar wa ya bar ƙofar zaure a buɗe. Ashe keken cikin kwamfuta yake nufi.

Laifina ne. Makon jiya na sauke Windows 10 daga laftof ɗina na ɗora Linux Mint, wata babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows. Laftof ɗin 'yar gwanjo ce, ta tsufa, ba ta da abin da Windows 11 ke nema, wato TPM 2.0, kuma tallafin Windows 10 ya ƙare tun 14 ga Oktoba 2025. Ba ni da kuɗin sabuwa, ita kuma tana aiki garau. Aikin shago bai ba ni matsala ba: buga takardu, cike fom, firinta ma da kanta ta kama. Abin da ban sa a lissafi ba shi ne GTA San Andreas, gem ɗin da ya fito a PlayStation 2 a 2004, ya zo kwamfuta a 2005, wato ya girmi Auta da shekara kusan goma, amma yaron nan ya san lungunan Los Santos, birnin cikin gem ɗin, fiye da yadda ya san hanyar Gangare.

Shi kuma keken, bara na samo mod ɗinsa, wato ƙarin da 'yan wasa ke ƙerawa da kansu su cusa cikin gem. Wani ne ya ƙera siffar a-daidaita-sahu irin na Indiya, wanda dama daga can namu suke zuwa, ni kuma na buɗe fayil ɗin fentinsa na canza launi, na rubuta "Sai Haƙuri" a bayansa kamar yadda direbobinmu ke yi. Kwana uku na yi a kan wannan rubutu kaɗai. Mod ɗin yana maye gurbin 'yar motar nan ta masu wasan golf da ake kira Caddy. In ka danna RZHSUEW cikin wasa, maimakon ita sai keke ya faɗo gabanka. Akwai kuma wani ɗan ƙaramin fayil na CLEO, manhajar da ke ƙara wa gem ɗin sababbin ayyuka, wanda ke ba keken damar ɗaukar fasinja kamar tasi. Abin da Auta ke yi ke nan tun safe har a kore shi: ba harbi, ba tsere, jigilar mutane kawai yake yi yana tara kuɗi.

Jiya da daddare na ɗora gem ɗin ta hanyar Wine, manhajar da ke sa kayan Windows su yi aiki a Linux, na ga ya buɗe, na kashe na kwanta ina jin kaina gwani. Yau na zauna na danna haruffan nan bakwai, sai ga farar motar golf ta faɗo, tsaf da ita. Mu da ko filin Rayfield ba mu taɓa takawa ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne babu wani kuskure da ya bayyana. Da gem ɗin ya ƙi buɗewa, ko ya rufe da kansa, ko ya jefo mini wani saƙo, da na san inda zan kama. Amma komai lafiya lau: sauti na fita, hoto ma ya fi gudu a kan yadda yake a da. Mod ɗin ne kawai ya yi kamar ba a taɓa haihuwarsa ba. Fayilolin kuwa ga su nan ina kallo, cleo.asi, modloader.asi, foldar keken da fayilolin siffarsa da fentinsa, babu wanda ya yi ƙafa.

Na fara da abin da kowa ke farawa da shi. Na goge gta_sa.set, fayil ɗin da ke riƙe saitin gem, wanda duk wanda ya daɗe da San Andreas ya san shi ne ake fara zargi. Babu canji. Na duba ko gta_sa.exe ɗin sigar 1.0 ce, don ita masu mod suka fi ginawa a kai. Ita ce. Na tsaya ina kallon sunan foldar da na ajiye komai a ciki, "Wasan ƙanena", sai zuciyata ta ce ƙugiyar ƙ ɗin nan ce, tsohon gem bai san harafinmu ba. Na canza sunan zuwa gta kawai. Shiru. Daga nan na yi wautar da har yanzu take cina: na sake sauke mod ɗin gaba ɗaya, wai ko na farkon ya lalace a filashi. Datar da zan yi kwana biyu da ita ta tafi, kuma fayil ɗin da ya sauko daidai yake da wanda nake da shi.

Duk wannan Auta na tsaye a kaina, hannu cikin aljihun rigar sanyi, yana shaƙar majina. Can ya ce, "Yaya, ka mayar da Windows ɗin mana." Na ce ya je ya sha kokonsa.

Wajen sha ɗaya aka ɗauke wuta. Batirin laftof ɗin ba ya wuce minti arba'in, sai na rufe ta. Dama Mama na jira a aike ni Farin Gada sayo tumatir da kabeji. Tana miƙo mini kuɗi ta ce, "Wai mene ne wannan Wayin da nake ji kuna ta ambata tun safe? Ba dai abin da nake tsammani ba ne?" Na yi dariya har da tari. Na ce mata suna ne kawai, manhaja ce, tafinta ce tsakanin gem ɗin da ke jin yaren Windows da kwamfutar da yanzu take jin yaren Linux. Ta ce to Allah ya shirya wanda ya raɗa sunan. Tun 1993 ake aikin wannan manhaja, ban sani ba ko a cikin masu yin ta akwai wanda ya taɓa tunanin za a tuhumi wani a Jos saboda ita.

A hanya na shiga keke na gaske. Mu uku a baya, ɗaya a gefen direba ya rataye rabin jikinsa waje, buhun dankalin turawa a ƙafafunmu. Iska na shigowa ta gefen da ledar ta yage tana yanka kunne. Ina zaune a matse ne abin ya faɗo mini: Mod Loader, wanda shi ke shigar da keken cikin gem, kullum yana rubuta rahoto, modloader.log, duk lokacin da ya tashi, ko ya yi nasara ko bai yi ba. Ni kuwa tun safe ban ga wannan fayil ba. Ke nan ba wai ya tashi ya kasa karanta keken ba ne, sam bai tashi ba. Ba a ma kira shi ba. Saura kaɗan in ce wa direba ya juya.

Bayan azahar wuta ta dawo. Na leƙa foldar, babu rahoto, kamar yadda na zata. Sai na kira wani abokina da ke Abuja, wanda aikinsa ke nan, kula da manyan kwamfutocin ofis masu Linux. Ya ɗauka da "Mutumina, ka tuna da mu yau?" Na zayyana masa komai. Tambaya ɗaya ya yi mini: wane fayil ne ke loda fayilolin asi ɗin, wato cleo.asi da modloader.asi? Na ce dinput8.dll. Sai ya fashe da dariya, ya ce, "Malam, ai sojan gonanka ne aka gano."

Yadda ya warware mini, kuma na ga gaskiyarsa, shi ne: San Andreas bai san wani abu wai shi mod ba. Ba a gina shi da ƙofar shigar da su ba. Abin da masu mod suka yi dabara ce. Gem ɗin in ya tashi yana neman dinput8.dll, wani yanki na DirectX da ke kula da abin da ɗan wasa ke dannawa. Windows kuwa ɗabi'arta ce ta fara duba foldar da gem yake kafin ta je rumbunta. Sai suka ƙera nasu fayil suka ba shi wannan sunan, suka ajiye kusa da gta_sa.exe. Gem ya kira, na bogi ya amsa, ya shigo da duk fayilolin asi ta bayan gida, sannan ya miƙa aikin ga na ainihi. Shekara da shekaru haka ake yi. To Wine tana da nata dinput8 na cikin gida, kuma in ba ka ce mata komai ba shi take fifitawa. Gem ya kira, nata ya amsa, komai ya tafi daidai, nawa yana zaune a gefe ba wanda ya ce masa ci kanka. Shi ya sa babu saƙon kuskure. A wurinta ba a yi kuskure ba.

Maganin layi ɗaya ne. Ko ka buɗe winecfg, wurin saitin Wine, ka je shafin Libraries ka ƙara dinput8, ko ka sa wannan a gaban umarnin buɗe gem ɗin:

WINEDLLOVERRIDES="dinput8=n,b"

Harafin n yana nufin a fara da wanda ka ajiye da hannunka, b kuma a koma na cikin gida in ba a samu ba. Ya ce masu Steam Deck, na'urar gem ta hannu mai Linux, ma haka suke fama, don Proton, manhajar buɗe gem ɗin da kamfanin Valve ya fitar a 2018, a kan Wine aka gina shi, su a wurin zaɓin buɗe gem suke liƙa layin. Na yi masa godiya, ya ce godiyar ita ce in aiko masa da dankali in an samu mai zuwa.

Na sa layin, na buɗe, na danna RZHSUEW. Keke ya faɗo, ya ɗan yi tsalle a kan kwalta, "Sai Haƙuri" ɓaro-ɓaro a bayansa. Ihun da Auta ya yi sai da Mama ta leƙo daga kicin.

Amma tsugune ba ta ƙare ba. Ya hau, ya je bakin titi, ya danna maɓallin ɗaukar fasinja, ba abin da ya faru. Mutane na wucewa ba mai kallonsa. Na koma allon farko, inda CLEO ke rubuta sigarsa a ƙasa da adadin fayilolin da ya loda. Rubutun ya fito, alamar ya tashi, amma adadin sifili ne.

Wannan karon ban kira kowa ba, kunya ta hana ni. Na buɗe foldar gem ɗin ina bin sunaye ɗaya bayan ɗaya da yatsa a kan allo, kamar mai duba sunansa a jerin waɗanda suka ci jarrabawa: anim, audio, cleo, CLEO, data... Na wuce har zuwa models kafin na dawo da baya. Biyu ne. Ɗaya da ƙananan baƙaƙe, ɗaya da manya. Tun safe suna gabana, idona ya wuce ta kansu ya fi sau ashirin.

A Windows hakan ba ya yiwuwa. A wurinta cleo da CLEO suna ɗaya ne, in ka kwance zip mai ɗauke da ɗayan a kan ɗayan sai ta zuba su wuri guda ba tare da ta tambaye ka ba. Linux kuwa babban baƙi daban, ƙarami daban. Jiya da na saka CLEO sabo ya zo da foldarsa, da na kwance tsohon zip ɗina kuma ya zo da tasa da manyan baƙaƙe, sai suka zauna maƙwabta. Wine tana ƙoƙarin rufa wannan asiri, in gem ya nemi suna ba ta damu da girman baƙi ba matuƙar folda ɗaya ce. In suka zama biyu dole ta ɗauki ɗaya, kuma ta ɗauki wadda babu fayil ɗina a ciki.

Na tuna malaminmu na Hausa a sakandare, wanda in ka rubuta kafa a inda ake nufin ƙafa zai zagaye da jan biro ya tambaye ka me ka kafa. Mu a lokacin gani muke tsanani ne, ai kowa ya gane abin da ake nufi. A waya ma har yau yawancinmu daki muke rubutawa muna nufin ɗaki, kuma ana fahimta. Windows irin mu ce. Linux irin malam ce. Abin dariyar, da safe na zargi ƙugiyar ƙ da ba ta da laifi, ashe matsalar ta harafi ce, na dai kama wanda ba shi ba.

Na kwashe fayil ɗin daga CLEO na zuba a cleo, na goge wadda ta zama fanko. Na kuma bi sauran foldoji na tabbatar babu wasu tagwayen. Adadin ya koma 1.

Ana kiran magariba Auta ya ɗauki fasinjansa na farko a kusa da Grove Street, wata tsohuwa mai jaka, ya kai ta inda za ta, kuɗi ya shiga. Na ce ya tsayar mu je masallaci. A hanya yana ta tsalle saboda sanyi, sai ya ce, "Yaya, amma fa mutum ɗaya kawai yake ɗauka. Wane irin keke ne wannan? A Terminus huɗu ake sakawa." Na ce masa kujerun Caddy biyu ne, keken kuma rigar Caddy ya ara, in ana son huɗu sai an ɗora shi a kan wata motar daban, an sake gyara saitinsa. Ya ce to gobe Lahadi, ai ba shago.