Masu sana'a a jikin tagogin Chartres

Garin Chartres yana kudu maso yammacin Paris, tafiyar kilomita 90 ko ƙasa da haka kaɗan, kuma jirgin ƙasan da ke tashi daga tashar Montparnasse yakan kai mutum cikin awa ɗaya da ƴan mintoci. Ƙasar da ke kewaye da shi, wadda ake kira Beauce, shimfiɗaɗɗiya ce, gonakin alkama ne iyakar ganin ido, saboda haka tun kafin a shiga gari matafiyi yake hango hasumiyoyi biyu na babbar majami'ar Notre-Dame a kan tudu. Hasumiyoyin ba su yi kama da juna ba. Ta kudu, mai tsawon mita 105, ginin ƙarni na 12 ce, kuma ba ta da ado mai yawa, ita kuwa ta arewa, wadda ta ɗan ɗara ta tsawo, a farkon ƙarni na 16 wani magini mai suna Jehan de Beauce ya ƙarasa kanta da sassaƙa iri-iri. Ɗan yayata da ke karatu a Faransa ne ya kai ni, domin ya san yadda tsofaffin gine-gine suke ɗaukar hankalina.

Ni Musulmi ne, kuma siffofin mutane da aka sassaƙa a ƙofofin wannan gini ba abin da addinina ya yarda a sa a wurin ibada ba ne. Na shiga ne a matsayin baƙo, na rage murya kamar yadda nake so baƙo ya yi idan ya zo masallacinmu, kuma abin da na je nema shi ne aikin hannu da tarihin mutanen da suka yi shi.

Majami'ar da ake gani yau gobara ce ta haife ta. A watan Yuni na 1194 wuta ta cinye mafi yawan tsohon ginin tare da wani ɓangare na garin, abin da ya tsira kawai shi ne fuskar yamma da hasumiyoyinta da ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da Bishop Fulbert ya gina bayan wata gobarar ta 1020. A waɗannan ɗakuna ne aka ɓoye mayafin da Kiristocin wurin suka yi imani cewa na Nana Maryama ne, mahaifiyar Annabi Isa (AS), wanda sarki Charles mai sanƙo ya bai wa majami'ar a 876. Da aka ga mayafin ya kuɓuta, sai jama'a suka ɗauki hakan alamar cewa a sake gini, kuma aka yi shi da saurin da ba a saba gani ba a wancan zamani: kafin a cika shekara 30 an rufe mafi yawansa, aka kuma keɓe shi don ibada a 1260. Duwatsun daga mahaƙar Berchères aka ɗauko su, ƴan kilomitoci daga garin, a kan amalanke.

Tsawon ginin ya kai mita 130, rufinsa daga ciki kuwa kimanin mita 37 daga ƙasa. Wanda ya taɓa zama a soron da aka ɗaure da bakan gizo zai gane dabarar nan take, domin a nan ma bakuna ne suke tashi daga ginshiƙai su haɗu a tsakiya su ɗauki nauyin rufin, sai dai da dutse aka yi su maimakon azara da yumɓu. Daga waje an tokare ginin da wasu bakunan da ke sauke nauyin zuwa ƙasa, kuma wannan ne ya sauke wa bango kaya har aka iya huda shi da manyan tagogi.

Tagogin nan su ne suka tsayar da ni. Sun kai 176, mafi yawansu tun na ƙarni na 13, faɗinsu gaba ɗaya kusan murabba'in mita 2,600, kuma kowace taga ƙananan gutsattsarin gilashi ne masu launi da aka haɗa da darma aka ɗaure a jikin ƙarfe. Shuɗin da garin ya yi suna da shi, wanda ake samu daga ma'adinin kobal, ya fi fitowa a tagogin ƙarni na 12 da suka tsira daga gobarar. Labarin da ke cikin taga daga ƙasa ake fara karanta shi zuwa sama. Ina ta ɗaga kai ina neman can ƙololuwa, sai yaron ya taɓa ni ya ce, "Kawu, duba layin ƙasa tukuna, a nan naku suke." A gindin tagar da ke ba da labarin Annabi Nuhu da jirginsa na ga kafintoci da masu ƙera ƙafar amalanke da masu haɗa ganga, kowa riƙe da kayan aikinsa. A gindin ta Annabi Yusuf ƴan canji ne zaune a bakin teburi da ma'auni da tsabar kuɗi. A wata tagar dukawa ne masu ɗinka takalma, ɗaya ya sunkuya yana yankan fata, a wata kuma mahauci ya ɗaga gatari a kan saniya. Akwai masu gashin burodi, akwai masu sayar da yadi suna auna wa mai saye, akwai magina suna sassaƙa dutse, har ƴan garuwa ba a bar su a baya ba, ga su nan suna juye ruwa daga tulunansu. Tagogi wajen 40 ne suke ɗauke da irin waɗannan hotuna, kuma bayanin da aka fi sani shi ne ƙungiyoyin masu sana'a ne suka biya kuɗinsu, hoton kuwa shi ne sa hannunsu.

Wasu masana tarihi suna jayayya da wannan bayani, suna cewa malaman majami'ar ne suka zaɓi a zana masu sana'ar domin nuna cewa garin yana ƙarƙashinsu, kuma gaskiya ne zaman bai kasance lami lafiya kullum ba, tunda a 1210, ana tsakiyar aikin, mutanen gari sun yi wa malaman bore. Ko ma wane ne ya biya, abin da ya tsaya mini a rai shi ne an ɗauki aikin baduku da na ɗan garuwa abin da ya cancanci a adana shi shekara 800 a gini ɗaya da hotunan sarakuna. Mu ƴan Maraɗi ba baƙin wannan tsari ba ne, domin muna da sarkin fawa da sarkin maƙera da sarkin magina, kuma fatar jar akuyarmu ta yi suna har ƙetare. Amma idan baƙo ya ce in kai shi inda zai ga tarihin majemanmu da marinanmu a ajiye, da kayan aikinsu da sunayen gidajensu, zan sha wuya kafin in sami wurin nuna masa. Ambaliyar gulbi ta 1945 ta ci tsohon garinmu da ke cikin fadama, aka dawo kan tudu aka yanka sababbin unguwanni, abin da ya rage na wancan zamani yawancinsa a bakin tsofaffi yake, su kuma kullum raguwa suke yi. Wannan yana damuna ƙwarai, musamman da yake Agadas ta riƙe tsohon garinta da hasumiyarta ta ƙasa har UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 2013, kamar yadda ta sa majami'ar Chartres tun 1979.

Ita ma Chartres ba sa'a kaɗai ta tsare ta ba. A 1836 gobara ta sake cinye katakon rufin, aka maye shi da ƙarfe aka lulluɓe da tagulla, wadda ita ce ta koma koriya yanzu. A 1939, da Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙarato, an kwance tagogin ɗaya bayan ɗaya aka zuba su cikin akwatuna aka ɓoye, sai bayan yaƙin aka mayar da su. A watan Agusta na 1944 sojojin Amurka sun yi niyyar harbin ginin bisa zargin cewa Jamusawa suna leƙe daga hasumiya, sai Kanar Welborn Griffith ya shiga da kansa ya duba ya tabbatar babu kowa, aka janye umarnin, shi kuma aka kashe shi a wannan rana a Lèves, kusa da garin.

A ƙofar yamma, wadda aka sassaƙa wajen 1145, akwai siffofin masana irin su Aristotle da Euclid da Ptolemy, domin makarantar Chartres tana cikin manyan cibiyoyin ilimi na Turai a lokacin. A 1143 wani masani mai suna Hermann na Carinthia ya fassara wani littafin Ptolemy daga Larabci zuwa Latin ya sadaukar da shi ga malaminsa Thierry na Chartres, wato ilimin da Musulmi suka adana ya iso har nan. A tsakiyar daɓen kuma akwai wata hanya mai lauje-lauje da aka shimfiɗa da dutse, faɗin da'irarta kusan mita 13, wadda masu ziyara suke bi a hankali har tsakiya.

Wanda ya tsaya a majami'ar kaɗai ya ga rabin garin ne. Ta bayanta akwai matakala masu gangara sosai da ke sauka zuwa kogin Eure, inda masu sana'ar da aka zana a tagogin suka zauna. Titunan har yau suna ɗauke da sunayen aikinsu, akwai na majema, akwai na masu bugun ulu, kuma gidajen katako da ƙananan gadoji na dutse da wuraren wanki suna jere a bakin ruwan. A nan ne ragowar Porte Guillaume take, ɗaya daga cikin ƙofofin ganuwar garin, wadda sojojin Jamus suka fasa lokacin da suke ja da baya a 1944. Majami'ar Saint-Pierre ma tana wannan ɓangare, da nata tsofaffin tagogi, kuma ba ta da cunkoso.

Shiga babbar majami'ar kyauta ne, amma hawa sama da shiga ɗakunan ƙarƙashin ƙasa sai da tikiti. Hanyar nan mai lauje-lauje kujeru ne suke rufe ta, ranar Juma'a ake ɗauke su, daga wajen watan Maris zuwa ƙarshen Oktoba. Mai son ganin tagogin da kyau ya tafi da tabarau mai jawo nesa, sannan ya leƙa rumbun Loëns da ke kusa, inda malaman majami'ar suke tara hatsi da ruwan inabi a ƙarni na 13, wanda yanzu ya zama cibiyar da ake nuna yadda ake yanka gilashi a haɗa shi da darma.