Daga ƙasa ake fara zanen magangarar ruwa

Ban daɗe da gama bautar ƙasa ba na samu aiki a wani ɗan ofishin injiniyoyi a Bauchi. Wata rana wani Alhaji ya shigo yana so a zana masa wurin wasan ruwa irin wanda ya kai 'ya'yansa a Dubai. Oga ya ce kafin mu ja layi ko ɗaya, in je in kwatanta manyan wuraren da ake ji da su. Sati biyu na yi ina kallon bidiyo, data na ƙarewa ina sake saye.

Abin da ya fara tafiya da ni shi ne kowane wuri da labarin da aka gina shi a kai. Wild Wadi na Dubai, da aka buɗe a 1999, ya ɗauko Juha na tatsuniyoyin Larabawa. Yas Waterworld na Abu Dabi ya zo a 2013 da labarin nutso neman lu'ulu'u, sana'ar kakanninsu kafin fetur. A Aquaventure na Dubai kuwa akwai wata magangara, Leap of Faith, da mutum ke sulalowa kusan a tsaye, ya bi ta bututu mai kamar gilashi a tsakiyar kifayen shak. Nan take na ce mu ma ai muna da Yankari. Na zana ƙatuwar giwa, indararon ya fito ta hancinta, tsawo mita 20. Har launi na sa mata.

Oga bai ko kalli giwar ba. Ya ɗora yatsa a ƙarshen indararon.

"Malam, a ina mutumin zai tsaya?"

"Yallaɓai, ga kududdufi nan."

Ya miƙo min biro ya ce in lissafa. Wanda ya sauko daga mita 20, in an cire gogayyar jikinsa da indararo, zai iso ƙasa da gudun kusan kilomita 70 a awa, gudun mota a hanyar Darazo. Ni kuwa mita biyar na ruwa na bar masa, sai katanga. Kunya ta kama ni, domin lissafin nan tun ajin farko na jami'a na san shi.

Sai ya ba ni labarin Verrückt ta jihar Kansas a Amurka, mai tsawon mita 51, wadda aka buɗe a 2014 ana taƙama ta fi kowace tsawo a duniya. Bayan gangarar farko akwai tudu, kuma a nan kwalekwalen roba da mutane ke zama a ciki kan yi sama ya bar indararon. A watan Agustan 2016 yaro ɗan shekara 10 ya rasu a kanta, daga baya aka rushe ta. Oga ya ce yaro mai kilo 25 da ƙato mai kilo 100 ba gudu ɗaya suke yi ba, kuma a kwana mai nauyin ya fi hawa bangon indararo. Kowace kwana sai an lissafa ta da su biyun.

Sauran abubuwan ba a bidiyo na gan su ba. Famfo ne ke kai ruwa sama, in an ɗauke wuta faibar da aka yi indararon da ita ta bushe cikin ranar Afrilu, bayan yaro zai saɓule, don haka janareto ya shiga kasafi tun kafin fenti. Magangarar da ake kira Master Blaster, wadda ƙarfin ruwa ke tura mutum ya hau tudu, da kaina na soke ta da na tuna kuɗin dizal. Mutanenmu kuma da riga da dogon wando suke shiga ruwa, duk kan ƙusa ko gaɓar da ba ta haɗu sumul ba za ta kama tufa. Wannan a Wikki, maɓuɓɓugar ruwa ta Yankari, na lura da shi, inda ruwan ke fitowa daga ƙarƙashin dutse da ɗumin digiri 31 rani da damina, ba famfo ba janareto. Wata abokiyar aikinmu ce ta tambaya ko akwai ranar mata, na ga ban ma zana musu ɗakin sauya kaya mai ƙofarsa daban ba.

Zanen da muka kai wa Alhaji mita shida ne, da doguwar hanyar ruwa marar zurfi inda gudu ke mutuwa a hankali. Ya juya takardar, ya ɓata rai.

"Injiniya, wannan ai na yara ne. Ina giwar da yaronka ya faɗa min?"

Oga ya ce tana nan, ranka ya daɗe, ta siminti ce, a bakin ƙofa za ta tsaya.