Tarihin Rayuwata, Kashi na 19: Ranar da na kai motar Auta Jos

A makon jiya na tsaya a daidai ranar sadakar bakwai ta ƙanena Auta, na kuma yi alkawarin zan shiga maganar rabon gado kai tsaye, amma tun da na zauna zan rubuta zuciyata ta ƙi sakin maganar motar, saboda haka ku yi mini haƙuri in fara sauke wannan nauyin tukuna.

Baffa ne ya fara kiran motar nan da sunan da har yau yake yi mini ciwo. Ranar da Auta ya shigo da ita daga Kwatano a ƙarshen shekarar 2016, ana saura 'yan makonni gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa a farkon 2017, duk unguwa ta fito kallo, yara suna shafa ta, Hajiya tana sa albarka daga bakin soro. Baffa ya zagaya ta sau ɗaya da hannuwansa a baya, ya leƙa ciki ya ga kujeru biyu ne kacal, sai ya ɗago ya ce: "Duniya budurwar wawa." Auta ya yi murmushi ya ce, "Baffa, a dai sa mana albarka," amma ni na ga yadda fuskarsa ta sauya, domin shekara shida yana tara kuɗin nan daga sana'arsa ta gyaran waya, bai ci bashin kowa ba, bai kuma taɓa rage wa Hajiya cefanen da yake yi mata ba.

Motar Nissan 350Z ce ta shekarar 2006, baƙa, tokumbo daga Amurka, shi ya sa agogon gudunta yake ƙirga mil. Injinta mai silinda shida ne, lita 3.5, giyarta shida ta hannu, kuma tayoyin baya ne suke tura ta. Irin motocin nan an ƙera su ne don gudu da jin daɗin tuƙi, sun kusa manne da ƙasa, ba sa ɗaukar buhun shinkafa balle iyali, kuma wannan ne laifinta a idon Baffa. Shekara biyar yana faɗa wa duk wanda zai saurara cewa motar nan ce za ta yi ajalin yaron. Auta kuwa a kan gado ya cika, bayan wata goma sha huɗu ana yi masa wankin ƙoda sau biyu a mako, motar tana rufe da tampol a gefen gida. Duk da haka, ranar zaman makoki, da wani baƙo ya tambaya ko haɗari ne, Baffa bai ce a'a ba, sai ya girgiza kai ya maimaita karin maganar nan tasa a gaban mutane. Na sunkuyar da kai saboda ƙanen mahaifina ne, amma ban yafe wannan a lokacin ba, kuma ba zan ɓoye muku cewa har yanzu ina fama da kaina a kanta ba.

Da malam ya zo lissafin gado, hukuncin a bayyane yake: matarsa tana da tumuni tunda akwai 'ya, 'yar tana da rabi, Hajiya tana da sudusi, abin da ya rage namu ne mu 'yan'uwansa. Baffa ba shi da ko sisi a ciki tunda muna raye, amma muryarsa ce ta fi ta kowa tashi a kan a sayar da motar da wuri. Mota dai ba a yanka ta a raba, dole a yi mata kuɗi, kuma da wani mai sha'awar irinta a Jos ya ce a turo masa hotuna masu kyau ko a kawo ya gani, sai duk aka juyo aka dube ni, tunda ni ne mai ɗaukar hoto a gidan.

A nan ne nadamata take. Auta ya fi shekara uku yana roƙona mu tafi Jos tare in ɗauki motarsa a tsakanin duwatsu. "Yaya, kwana biyu kawai," haka yake cewa. Ni kuma kullum akwai biki, akwai kamu, akwai walima, ina ce masa bari mu ga bayan sallah. Ba don komai ya zaɓi Jos ba sai don mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, wanda ya yi shekaru yana jigilar fasinja tsakanin Kano da Jos a Peugeot 504, irin waɗanda ake haɗawa a Kaduna, wadda muke kira Fijo. Idan aka yi hutun makaranta yakan ɗauki Auta ya zaunar da shi a gaba, kuma a wannan hanyar yaron ya koyi sunan kowane sashe na inji tun kafin ya iya haɗa baƙi. Ni da na girme shi da shekara tara, a lokacin ina ganin na wuce bin mota.

Na tashi daga Kano bayan sallar asuba, a watan Disamba na 2021, hunturu ya sauka sosai. Da na shiga na tarar da kujerar direba a ja da baya kamar yadda ya bar ta, domin ya fi ni tsawo, sai na kasa matsar da ita. Haka na yi tafiyar kusan kilomita 300 ina miƙa ƙafa da ƙyar in taka kuloci, jakar kyamarata tana kan ɗaya kujerar, wadda a da ni ne nake zama a kanta. Na bar titin Zariya a Kwanar Dangora, na bi ta Tudun Wada na shiga dajin Falgore. A kowane ƙauye sai na rage gudu na karkace na hau tudun da ake yi a titi don rage gudu, amma duk da haka sau uku ina jin cikinta ya gogi ƙasa, kowane karo kuma sai in ji bakina ya ce "yi haƙuri" ba tare da na yi niyya ba.

A wani shinge kafin Saminaka wani soja ya nemi takardu. Wannan motar ba ta da akwatin ajiya a gaban fasinja kamar sauran motoci, nata yana bayan kujera ne, kuma ban taɓa buɗe shi ba sai ranar. A saman takardun akwai katinsa na asibiti, da carbinsa, da dabino guda uku da suka bushe a leda. Sojan ya duba suna ya dube ni ya tambayi mai motar, na ce ƙanena ne, ya rasu wata biyu da suka wuce. Ya ce Allah ya jiƙansa, ya miƙo mini takardun da hannu biyu. Na wuce kaɗan na sauka gefen hanya na kashe inji, kuma a nan ne na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba, saboda a can ni ne babba, kowa ni yake kallo.

Daga Jengre hanya take fara hawa, iska ta sauya, domin Jos tana kan tudu na kimanin mita 1,200 sama da teku. Ban nemi mai sayen ba da na shiga gari. Na yi sallar azahar, na sa aka wanke motar, sannan bayan la'asar na nufi gabas wajen duwatsun Shere, na sami wani fili mai jar ƙasa da manyan duwatsu a jere a bayansa, na ajiye ta a karkace, na murɗa sitiyari don tayar gaba ta juyo ta nuna fuskarta.

Wanda bai taɓa ɗaukar baƙar mota ba ba zai san wahalarta ba. Jikinta madubi ne, duk abin da ke kewaye da ita sai ya fito a ƙofa da murfin inji, har da mai ɗaukar hoton kansa, saboda haka dole ka ja da baya sosai ka jawo ta da dogon gilashi, ka ɗaura wa bakin kyamara gilashin da yake kashe ƙyalli, ka yi ta juya shi a hankali har sararin sama ya bar gilashin gaba. Dole kuma ka durƙusa, wani lokaci ka kwanta rub da ciki, kyamara daidai tsayin fitila, domin daga tsaye irin wannan motar takan fito kamar an danne ta. Hazon hunturu ya taimake ni, ya tausasa rana ta zama kamar garwashi a bayan dutse, amma ƙurarsa tana sauka a kan baƙin fenti kusan duk minti biyar, sai in tashi in goge da tsumma in koma in kwanta. Wajen gogewar nan na lura da wani ɗan karce a ƙasan ƙofar direba, wanda 'yarsa ta yi da murfin kwalba tana shekara biyu, ya kuma hana a shafe shi. Aikina ne in ɓoye irin wannan a hoton talla ko in nuna shi don mai saye ya sani, amma ni sai na matsa kusa na ɗauke shi shi kaɗai, hoto bayan hoto, kamar fuskar mutum.

Ina kwance a ƙasar nan maganar Baffa ta sake dawo mini. Na dubi motar da Auta yake wankewa da hannunsa kowace Juma'a da safe, wadda ya kai Hajiya asibiti a cikinta da tsakar dare ranar da hawan jininta ya tashi, na tambayi kaina wane wawanci ne a cikin mutum ya so abu ɗaya na halal a rayuwarsa, ya yi masa gumi har ya samu. Shekararsa 34 a duniya. Da ya ji maganar Baffa ya jira sai ya tsufa, da bai taɓa jin ƙarar injin nan a kan hanyar da mahaifinmu ya bi ba, ko da yake ni na hana shi jin ta a Jos ɗin da ya fi so.

Hoto na ƙarshe na ɗauke shi ne rana ta riga ta faɗi, sanyi ya fara shiga ƙashi. Na buɗe ƙofar direba na bar ta a buɗe, na kunna ƙananan fitilu, na koma nesa na kafa kyamara a kan ƙafarta. Wannan hoton ban tura wa mai saye ba. Na wanke shi babba na kai wa matar Auta bayan ta fita takaba, kuma yana ɗakin 'yarsa har yau.

Bayan isha'i na kira Hajiya daga masauki. Tana ɗauka ta ce, "Kun isa lafiya?" Na san akan faɗi haka ko ga mutum ɗaya, amma Hajiya ba ta taɓa yi mini jam'i ba, "kai" take ce mini tun ina yaro, sai dai idan mun fita tare da shi. Ita ma ta ji abin da ta faɗa, sai ta yi shiru, ina jin numfashinta a waya. Na ce, "Mun iso lafiya, Hajiya."