Taliyar daren yau

Yau yara suka tasa ni gaba da wani bidiyo da suka gani a TikTok, wai taliya da niƙaƙƙen naman shanu, madara mai kauri da cuku. Har da naman alade da ake soyawa ya yi ƙaras-ƙaras, wanda ba namu ba ne. Na ce to, kilishi fa? Na yayyanka shi ƙanana, na ɗan juya a kasko da man shanu, ƙamshin yaji da tunkuza ya cika gidan. Na soya nama da albasa da tafarnuwa, na zuba madara da ludayi guda na ruwan da na dafa taliyar, don sitacinsa ne ke haɗa romon ya kama jikin taliya. Sai da na kashe wuta sannan cukun ya shiga, in ba haka ba ya dunƙule.

Baba da tuwo kaɗai ya yarda da shi da dare ya leƙa kwanon ya ce, "Ke, ina miyar?" Yara suka ƙunshe dariya. Ya ɗebo loma, cuku ya biyo cokalin yana zare har gemu, ya tsaya yana neman inda zai yanke shi. Bai ce uffan ba. Can ya turo kwanon: "Ƙaro, ki fi sa kilishin." Wallahi sai na ji ƙwalla. Tun rasuwar Inna ban ga ya nemi ƙarin abinci ba.