Silin Mota, Warin Sigari da Ƙarar Hanya: Wani Aiki da Muka Yi a Birnin Kebbi

Ina da ƙaramin shagon ɗinkin kujeru da gyaran cikin mota a Birnin Kebbi, ni da yara huɗu, kuma daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi kan haura digiri 40, babu aikin da ya fi zo mana kamar rufin ciki da ya saki, wanda mu a bakin aiki muke kira silin. Mai mota yakan ce gam ne ya daina kamawa, a shafa masa sabo a manna. Ba nan matsalar take ba. Silin hawa uku ne: akwai allo mara nauyi da aka sarrafa daidai da siffar rufin, akwai siririn soso, sannan yadin da ido ke gani. Soson ne rana take dafawa shekara da shekaru har ya ruɓe ya koma gari mai launin ruwan goro, yadin ya rasa abin kamawa ya sauko a kan direba. Duk gam ɗin da aka fesa a kan wannan gari, garin zai kama, ba allon ba, shi ya sa aikin manne ba ya kai damina.

A bazarar bara wani Alhaji mai fataucin shinkafa tsakanin Argungu da Jega ya kawo mana Hilux mai ƙofa huɗu, wadda ya saya a hannun wani kamfanin gine-gine. An soke yadin silin da allurai don kada ya rufe madubi, kuma tun kafin in sa kai ciki warin sigari ya tare ni, ga ƙamshin turaren wuta da ya cakuɗe da shi. Ya ce mini, "Malam, iyalina sun ƙi shiga motar nan, kuma idan ina kan hanya ba na jin mai magana a waya saboda ƙara." Na ce masa, "Alhaji, ranka ya daɗe, tunda silin zai sauka, gara a yi ayyukan uku a tashi ɗaya, amma sai ka bar mini ita kwana uku."

Mun fara da cire kan batir, domin wasu sababbin motocin suna da jakar iska a gefen rufi, wadda ke kumbura ta kare mutum idan an yi haɗari, kuma ba a wasa da wayoyinta. Daga nan muka kwance makarin rana, da mariƙan hannu, da fitilar ciki, da robobin ginshiƙai, waɗanda zafi ya busar har ƙugiyoyinsu suna karyewa da an matsa musu. Fitar da allon shi ne inda ake gane gwani, saboda a-kori-kura ba ta da ƙofar baya kamar bas, dole a kwantar da kujeru a karkata shi ya bi ta ƙofar gefe, kuma idan ya lanƙwashe sau ɗaya tabon ba zai ɓace ba. Yaro ɗaya ya yini yana kankare ruɓaɓɓen soson da burushi mai tauri, har sai da na shafa tafin hannu a kan allon ban ɗauko komai ba.

Batun warin ne ya fi cin lokaci, kuma a nan nake yawan saɓawa da masu mota. Hayaƙin sigari sama yake yi, ya bar kwalta da nikotin a jikin duk abin da ya taɓa, silin kuwa shi ne babbar ma'ajiyarsa, amma ba shi kaɗai ba. Na jiƙa farin ƙyalle na goge gilashin gaba ta ciki, ya dawo ruwan ƙasa kamar an tsoma shi a shayi, na nuna wa Alhaji domin ya ga abin da 'ya'yansa za su riƙa shaƙa. Turare ba ya cire wannan, lulluɓe shi kawai yake yi, da rana ta buɗe warin ya dawo. Mun fitar da kujeru da kafet mun wanke mun shanya, mun goge ƙarfe da robobi da ruwan khal da aka sirka, mun zaro bel ɗin kujera har ƙarshensa muka wanke, muka canja filtar iska da ke bayan akwatin gaban fasinja, muka tsabtace kafofin iyakwandishan. Da dare muna ajiye tiren gawayi a ciki, domin yana zuƙe wari. Ina da ƙaramar na'urar ozon, mai fitar da wata iska da ke kashe wari, amma a ƙarshe nake kunna ta, ba kowa a ciki, na ɗan lokaci kaɗan, sannan a buɗe ƙofofi iska ta ratsa, saboda tana cutar da huhu kuma yawanta yana lalata roba.

Da ƙarfen rufin ya bayyana tsirara, na ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa, ya amsa kamar kwanon rufin ɗaki. Wannan karkarwar ce muke kashewa da faifan robar butil mai fuskar alminiyam. Ba sai an lulluɓe rufin gaba ɗaya ba. Idan aka manna shi a tsakiyar filayen da ke tsakanin haƙarƙarin ƙarfe, aka danne da abin murzawa har iska ta fita, ƙarar tana komawa kamar an buga katako. A kansa muke shimfiɗa soson da ba ya shan ruwa, wanda yake rage ƙara kuma yake tare zafi. Akwai wani faifan mai araha da ake yi da kwalta maimakon butil, yakan zo cikin kayan da muke sarowa daga Kano, ni kuwa ba na karɓarsa, domin a ranar Kebbi narkewa yake yi ya zubo yana wari. Mun sa butil ɗin a ƙofofi da bangon bayan kujera, muka kiyaye kafofin da ruwa ke fita a gindin ƙofa. Na kuma gaya wa Alhaji tun farko cewa injin dizal ba zai yi shiru ba, raguwa ce za a samu, musamman ta rugugin hanya da ta ruwan sama.

Sabon yadin mai soso a bayansa muka saya, da gam na fesawa mai jure zafi. Ana fesa wa allon da bayan yadin, a jira ya fara danƙo, a shimfiɗa rabi sannan rabi, daga tsakiya zuwa gefe, da tafin hannu a buɗe, domin kan yatsa yana danna soson cikin gam ya bar rami. Muka bar shi ya kwana kafin mu yanke gurbin fitila.

A rana ta uku na rufe motar ruf a tsakiyar rana na awa biyu, sannan na buɗe na sa hanci. Akwai sauran wari. Muka bi ɗaya bayan ɗaya har muka gano makarin rana na ɓangaren direba, wanda soson cikinsa ya sha hayaƙi, muka farke shi muka sake masa ciki. Na kira Alhaji na roƙi ƙarin kwana ɗaya, ya amince. Washegari bayan la'asar ya zo da ƙaramin ɗansa, yaron ya haye kujerar baya ya zauna, suka kama hanyar Jega gilasai a rufe.