TARIHIN RAYUWATA (Kashi na 17): Kwana ukun da na ƙara a Jamus

A makon jiya mun tsaya inda aka tashi daga bajekolin kayan abinci na Anuga a birnin Kolon, ranar 11 ga Oktoban 2017, na kwashe kayana daga otal na koma gidan Yaya. Tikitina na komawa ranar Talata 17 ga wata ne. Yaya ya ce sam bai yarda ba, shekara shida rabonmu da juna, kuma duk kwanakin nan yana wurin aiki, ko hirar kirki ba mu yi ba. In bari sai Asabar 21, ya kai ni filin jirgi da kansa. Na ɗauko fasfo muka duba tare. Biza ta ce daga 6 ga Oktoba zuwa 1 ga Nuwamba. Yaya ya ce, "Ka gani? Har da ragowa." A daren na biya kuɗin sauya tikiti na kwanta hankalina kwance.

Ranar Alhamis 19 ga wata da daddare muna falo, babbar 'yar Yaya, wadda a lokacin shekararta 14, ta ɗauki fasfona tana buɗawa tana kallon hatiman ƙasashe. A can aka haife ta, Jamusanci a bakinta kamar ruwa. Sai na ji ta ce, "Baffa, kwana nawa ka yi a nan?"

Na ce ban ƙirga ba.

"To ai nan an rubuta tsawon zama kwana 12."

Na karɓi fasfon. Ga shi kuwa, a ƙasan ranakun nan biyu da muka ƙura wa ido ni da Yaya, wata 'yar lamba ce zaune abinta: 12. Na gan ta tun ranar da aka ba ni biza, amma ban taɓa tambayar kaina aikinta ba. Na fara ƙirga da yatsu daga Asabar 7 ga wata da na sauka. Yatsa na goma sha biyu ya faɗa kan Laraba 18. Wato jiya. Na sake ƙirgawa, wai ko ranar sauka ba ta cikin lissafi. Yarinyar ta duba a wayarta ta ce tana ciki, ita da ranar fita duka. Nan take cikina ya ɗuri ruwa. Ana sanyin kaka a waje, ni kuwa zufa ce ke bin bayana.

Bari in ɗan tsaya a nan, domin wannan ramin ba ni kaɗai ya rufta da shi ba. Bizar Shengen ta gajeren zama, wato bizar bai-ɗaya ta ƙasashen Turai da dama, lissafi biyu ne a jikinta. Akwai ranar farawa da ranar ƙarewa, akwai kuma adadin kwanakin da aka yarda ka zauna. Ofishin jakadanci kan ɗora kwana 15 a kan ranakun, saboda ko tafiyarka za ta ɗaga, ka tashi a makare. Shi ya sa tawa ta nuna kwana 27 alhali 12 aka ba ni. Ƙarin nan ba na zama ba ne. Kuma kowa ka tambaya kwana 90 cikin 180 zai faɗa maka, ya manta cewa wannan shi ne iyakar abin da doka ta yarda a bayar, ba abin da aka ba ka ba. Ni da nake ganin na yi boko, 'yar shekara 14 ce ta karanta min fasfona.

Yaya ya kira wani abokinsa da ya daɗe a ƙasar. Kafin ƙarfe goma mutum uku sun iso, falo ya zama majalisa. Na farko ya ce abu ne mai sauƙi, a sa ni a mota a tsallaka Beljiyam, in tashi daga can, wai ba sa tsananta dubawa. Na biyun ya ce a'a, a nemo likita ya rubuta cewa ban da lafiya. Har da mai cewa ai tara ce kawai, kamar Tailan inda ake biyan baht 500 a kan kowace rana mutum ya kama gabansa. Kowa da tasa fatawar, kuma babu wanda a cikinsu fasfonsa ke cikin matsala.

Gaskiya shawarar Beljiyam ta shige ni. Sai matar Yaya, wadda tun farko ba ta ce uffan ba, ta ce, "Ƙasashe 26 ne fa da iyaka ɗaya. Hatimin da aka buga maka a Frankfurt shi ɗin ne za su gani a can. Kuma idan suka tambaye ka me ya sa mai tikitin Frankfurt ya zagayo ta nan, me za ka ce?" Falon ya yi tsit. Maganar likita kuwa Yaya ne ya kashe ta da kansa. Ya ce kuskuren ƙirga daban, takardar ƙarya daban, kuma shi ne zai ci gaba da zama a ƙasar bayan na tafi.

Ban yi barci ba. Wajen ƙarfe uku na tuna da inshorar lafiya, wadda dole sai ta kai ta yuro 30,000 kafin a ba ka biza. Na tashi na lalubo takardar, na ga tawa ta ƙare tun 18 ga wata. Na sayi ta ƙarin kwanaki ta intanet, na koma na kwanta ina kallon silin.

Da sassafe ranar Juma'a muka nufi ofishin kula da baƙi na garin. Na haɗa komai a jaka ɗaya: tsohon tikiti, sabon tikiti, rasitin sauyawa mai ɗauke da kwanan wata, katin shiga bajekoli, rasitin otal, inshora. Muka jira kusan awa biyu. Matar da ta saurare mu dattijuwa ce mai tabarau rataye a wuya. Yaya na fassara. Ta ɗora ɗan yatsa a kan lambar 12, ta ɗago ta kalle ni, ba ta yi faɗa ba, ba ta kuma yi murmushi ba.

Na roƙi a ƙara min kwana uku. Ta ce dokar biza ta Tarayyar Turai ta 2009 hanya uku ta bari. Idan abin da ya fi ƙarfin mutum ne ya tsare shi, ko wani dalili na jinƙai, ana ƙarawa kyauta. Idan babban uzuri ne na ƙashin kai, ana iya ƙarawa a biya yuro 30. Kuma tun biza na da rai ake zuwa nema. Son hira da ɗan'uwa ba ya cikin ukun, rashin karanta fasfo ma haka. Da Yaya ya fassara min wannan na ƙarshen sai da na sunkuyar da kai.

Ta tambaya yaushe zan fita. Na nuna tikitin gobe. Ta juya ga kwamfuta ta buga wata takarda mai sunana da lambar fasfona da ranar 21 ga Oktoba. Ta ce takardar tsallake iyaka ce, in miƙa wa 'yan sandan filin jirgi, su za su maido musu da ita shaidar na fita. Sau biyu ta nanata cewa ba biza ba ce, kuma ba ta goge kwanakin da suka wuce ba.

Ranar Asabar muka hau jirgin ƙasa mai gudu, kusan awa guda muka isa filin jirgin Frankfurt, saura awa huɗu jirgina ya tashi. A wurin ba da kaya babu wanda ya ce min komai, har na fara yi wa kaina fatan ko shi ke nan. Muka yi sallama da Yaya. Ya riƙe hannuna ya ce, "Ina nan ba zan motsa ba sai ka kira." Na shiga layin masu fasfon waje.

Da na iso gaban gilashi ban jira ya gano da kansa ba. Na ɗora takardar a kan fasfo na tura, na ce da Turanci na wuce kwanakina da uku. Saurayi ne ɗan sandan. Ya buɗe shafin biza, ya buɗe na hatimi, na ga leɓɓansa na motsi yana ƙirgawa kamar yadda na yi a falo. Ya ɗaga waya. Wani ya zo ya ce in biyo shi. Tafiyar ba ta kai taku talatin ba, amma a gaban layin mutane sai na ji kamar an ɗaura min duwatsu a ƙafa.

Ɗaki ne ƙarami, tebur ɗaya, kujeru uku, da agogo a bango wanda na kasa daina kallo. Jami'in ya fara da cewa zama ba tare da izini ba, laifi ne a dokar Jamus, dole ya rubuta rahoto, kuma ina da 'yancin in yi shiru. Na ce zan yi magana. Na jera masa takardun a kan tebur bi da bi. Ya fi daɗewa a kan rasitin sauya tikiti, ya kwatanta ranar da ke jikinsa da ta biza, ya yi kwafinsa. Ya tambaya yaushe na gane. Na ce daren Alhamis. Ya ce me na yi da na gane? Na nuna takardar dattijuwar. Ya gyaɗa kai ya ci gaba da bugawa.

Ya karanto min abin da ya rubuta, na nemi ya sake karanta layi biyu, sannan na sa hannu. Ya nemi adireshi a cikin Jamus inda za a aika wasiƙa, na ba da na Yaya. Tambayar da ta hana ni barci kwana biyu na yi masa: za a hana ni dawowa? Ya ce ba shi ke yanke wannan ba. Rahoton zai je ofishin mai gabatar da ƙara, in jira wasiƙa.

Minti hamsin na yi a ɗakin. Ya buga min hatimin fita, mai ɗan hoton jirgi da kibiya tana nuna waje. Irin hatimin nan ma ya kama hanyar zama tarihi, tunda daga 12 ga Oktoban 2025 suka fara sabon tsarin da ke ɗaukar hoton fuska da zanen yatsu, kwamfuta ce ke ƙirga wa mutum kwanakinsa. Na kira Yaya daga bakin ƙofar shiga jirgi. Da ya ɗauka bai bari na yi sallama ba, ya ce, "Sun sake ka?" Na ce sun sake ni. Na ji ya sauke numfashi, sannan ya ce in gaida gida.

Wata huɗu shiru. Har na fara mantawa, na soma haɗa takardun neman wata bizar. Ran nan ina tsaka da cike fom sai ga saƙon Yaya ta WhatsApp: hoton wasiƙa shafi ɗaya, da Jamusanci, sunana a sama. A ƙasa ya rubuta, "Kar ka miƙa komai tukuna. 'Yarka na makaranta, bari ta dawo ta karanta mana."

Mu haɗu mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.